Tilasta wa kamfanoni su ba mata kujerun daraktoci: yana aiki kuwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina aiki a wani babban kamfanin sarrafa kayan masarufi, na daɗe a matakin mataimakiyar babban manaja. An yi musu a ofishinmu kan labarin cewa ƙasashen Turai sun tilasta wa kamfanoni ba mata kashi 40 cikin ɗari na kujerun daraktoci. Abokan aikina maza suna cewa wannan rashin adalci ne, ana ɗora wadda ba ta cancanta ba kamfani ya yi asara. Ni kuwa gani nake in ba a tilasta ba, ba za mu taɓa hawa ba. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin? Kuma in aka kawo irin wannan doka Najeriya za ta amfane mu?" Daga wata mai karatu a Kaduna.

Wa alaikumus salam, Hajiya. In na fahimce ki, kina son sanin ko dokar keɓe wa mata kaso tana biyan buƙatar da aka kafa ta dominta, ko da gaske tana ture cancanta, da kuma ko za ta taɓa mace irinki da ke tsakiyar matakala. An haura shekara ashirin ana gwada wannan doka a ƙasashe daban-daban, don haka akwai abin dubawa. Dokar da ke da hukunci tana cika kujerun kwamitin daraktoci cikin 'yan shekaru, kuma ba a ga ta durƙusar da kamfanoni ba. Sai dai da ƙyar amfaninta ke gangarowa zuwa inda kike.

Dalilin haka yana cikin yadda aka gina kamfani. Akwai kwamitin daraktoci, wanda masu hannun jari ke zaɓa. Yana zama 'yan lokuta a shekara, ya amince da kasafi, ya naɗa manajan darakta ko ya sauke shi, ya duba rahoton masu binciken kuɗi. Yawancin mambobinsa daga waje ake ɗauko su, ba ma'aikatan kamfanin ba ne, alawus ake biyansu. Sannan akwai masu gudanarwa: manajan darakta, daraktocin zartarwa, manyan manajoji, wato masu zuwa ofis kullum da ke yanke wa za a ɗauka aiki, wa za a ƙara wa girma, wa za a tura ya riƙe reshe. Kusan duk dokokin kaso da kika ji labarinsu kwamitin daraktoci suka shafa. Masu gudanarwa, waɗanda makomarki ke hannunsu, an bar su yadda suke.

Daga Norway aka fara

A 2002 mata ba su kai kashi 10 cikin ɗari na daraktocin manyan kamfanonin Norway ba. Ministan ciniki da masana'antu na lokacin, Ansgar Gabrielsen, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ya fito a jarida ya ce ya gaji da yadda maza ke zagaya kujeru a tsakaninsu. Majalisa ta yi doka a 2003, aka ba kamfanoni dama su gyara da kansu. Ba su kai ba, sai dokar ta zama dole a 2006, aka ba tsofaffin kamfanoni wa'adi zuwa Janairun 2008. Hukuncin wanda ya ƙi shi ne a rushe kamfanin. Ba a kai ga rushe ko ɗaya ba, don da wa'adi ya cika kuma aka aika takardun gargaɗi, kowa ya bi.

Akwai abin lura a yadda aka rubuta dokar. Ba ta ce "mata" ba, cewa ta yi kowane jinsi. Kuma ta fayyace lissafin don kada a yi wasa da shi: kwamiti mai mutum 4 ko 5, aƙalla biyu daga kowane jinsi, mai 6 zuwa 8, aƙalla uku, mai 9, aƙalla huɗu, in ya haura 9, kashi 40 cikin ɗari. Kwamitin da mata suka mamaye shi ma ya saɓa doka.

Faransa ta bi sahu a 2011 da dokar Copé-Zimmermann: kashi 20 zuwa 2014, kashi 40 zuwa 2017. Naɗin da ya saɓa kason bai inganta ba, kuma ana dakatar da alawus ɗin daraktoci har sai an gyara. A yau Faransa ce kan gaba a Tarayyar Turai, mata sun haura kashi 40 a kwamitocin manyan kamfanoninta. Italiya ma a 2011 ta yi tata, da tara mai nauyi, daga kashi ɗaya bisa uku daga baya ta ɗaga zuwa 40. Jamus a 2015 ta sa kashi 30 ga kwamitocin sa ido (kwatankwacin kwamitin daraktoci a can) na kamfanoni wajen ɗari, hukuncinta kuwa shi ne kujerar ta zauna babu kowa in ba a samo mace ba. Sifaniya ta riga waɗannan ukun, tun 2007 ta sa burin kashi 40 zuwa 2015, amma ba ta sa hukunci ba, shekarar ta zo ta wuce ba a kai ko rabin burin ba. Labarin da kuka yi musu a kansa dokar Tarayyar Turai ce ta Nuwamban 2022, wadda ta shekara goma a ajiye tun bayan da kwamishiniya Viviane Reding ta gabatar da ita. Ta ba manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari zuwa 30 ga Yunin 2026 su kai kashi 40 na daraktocin da ba na zartarwa ba, ko kashi 33 na daraktoci baki ɗaya.

Birtaniya ce ke ɗan kawo cikas ga maganarki ta cewa sai da tilas. Can ba a yi doka ba. A 2011 mata suna kashi 12.5 a kwamitocin manyan kamfanoni 100 na kasuwar Landan, rahoton Lord Davies ya sa burin kashi 25 zuwa 2015, aka cimma. Aka ɗaga zuwa 33, sannan 40, aka kai. Amma kada a ɗauka kyautatawa ce kawai. Kowace shekara ana buga sunayen kamfanoni a jere daga na gaba zuwa na ƙarshe, manyan masu zuba jari suna kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da shugaban kwamitin da ba ya da mata, kuma gwamnati ta faɗa a fili cewa doka na nan tafe in ba a motsa ba. Inda babu jaridun kasuwanci masu bibiya da masu jari masu hukunta kamfani da ƙuri'a, wannan hanya ba ta tafiya.

Batun cancanta da asara

Abokan aikinki ba daga sama suka ɗauko maganar asara ba. A 2012 wasu masana biyu a Amurka, Kenneth Ahern da Amy Dittmar, sun wallafa bincike cewa darajar kamfanonin Norway ta faɗi bayan dokar, suka danganta hakan da ƙarancin gogewar sababbin daraktoci. An yi ta yawo da wannan sakamako. Daga baya Espen Eckbo da abokan aikinsa suka sake bin alƙaluman, suka gyara yadda aka ƙirga ranakun da labarin dokar ya shiga kasuwa, ba su ga wani tasiri na a-zo-a-gani a kan darajar kamfanonin ba. David Matsa da Amalia Miller kuma sun ga wani abu dabam a 2013: kamfanonin da dokar ta shafa sun rage sallamar ma'aikata, kuɗin albashi ya ƙaru, ribar gajeren lokaci ta ɗan ragu. Ko wannan asara ce ko riƙon amana, ya danganta da wanda kika tambaya, mai hannun jari ko ma'aikaci.

A ɗaya gefen, ba na ba ki shawarar ki riƙe hujjar nan da ake yawan yaɗawa cewa kamfanin da ya ƙara mata ribarsa na ƙaruwa. Rahotannin McKinsey, kamfanin ba da shawara kan harkokin kasuwanci, ne suka fi baza ta, kuma wasu masana da suka gwada lissafin da nasu alƙaluman a 2024 ba su samu abin da aka ce ba. Manyan nazarce-nazarcen da suka tattara bincike masu yawa sun ga alaƙar ƙarama ce ƙwarai. Hankali ma zai ba da haka: mutum uku cikin tara da ke zama 'yan lokuta a shekara ba su ne za su juya ribar kamfanin da farashin dala da kuɗin dizal ke wasa da shi ba. Abin da aka fi tabbatarwa ya fi wannan ƙanƙanta amma yana da amfani. Renée Adams da Daniel Ferreira sun nuna a 2009 cewa mata daraktoci sun fi halartar zama, har mazan ma sukan gyara halartarsu in akwai mata, kuma kwamitin ya fi sa wa manajan darakta ido.

Kan cancanta kuwa, binciken Marianne Bertrand da abokan aikinta na 2019 ya ba da amsa mai ƙarfi. Matan da aka naɗa a Norway bayan dokar sun fi waɗanda aka naɗa kafinta ilimi da gogewar aiki. Sai an san yadda ake zaɓen darakta a aikace za a gane dalili. Ba a tallata kujerar darakta a jarida. Shugaban kwamiti ne ke ɗaga waya ya kira wanda ya sani, tsohon abokin makaranta ko abokin harka, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Mata ƙalilan da ke shiga ta wannan ƙofa galibi 'yan gida ne. Da aka ce dole a samo huɗu, wayar shugaba ta ƙare, sai aka koma neman mutane ta takardunsu da tarihin aikinsu. Saboda haka in abokin aikinki ya ce kaso yana ture cancanta, ki tambaye shi wace jarrabawa daraktocin yanzu suka zauna.

Duk da haka akwai gaskiya a ƙorafinsu da bai kamata a share ba: wani namiji da ya cancanta zai rasa kujerar da da ya samu. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta ce fifikon jinsi yana aiki ne tsakanin 'yan takarar da cancantarsu ta zo ɗaya, kuma wanda aka ƙi yana da haƙƙin a nuna masa ma'aunin da aka bi. Mu a Najeriya wannan musu ba baƙo ba ne, shi ne dai wanda ake yi kan rabon guraben aikin gwamnatin tarayya tsakanin jihohi. Da yawa daga masu sukar kason mata a nan Arewa su ne masu kare wancan rabo, da hujjar da ba ta bambanta da taki ba.

Inda dokar ke tsayawa, da yadda ake zille mata

Binciken Bertrand ɗin nan bai tsaya a labari mai daɗi ba. Sun duba ko mata sun ƙaru a manyan muƙaman gudanarwa na kamfanonin, ko giɓin albashi ya ragu a ƙasa da kwamiti, ba su ga canjin kirki ba. Har yau maza ne ke riƙe da yawancin manyan kamfanonin Norway. A Faransa, matan da ke shugabantar manyan kamfanoni 40 na kasuwar Faris ana ƙirga su da yatsun hannu. Wannan ne ya sa Faransa ta sake yin wata doka a 2021, dokar Rixain, wadda ta shiga cikin gudanarwa kai tsaye: kamfani mai ma'aikata 1,000 zuwa sama ya kai kashi 30 na manyan shugabanninsa a 2026, kashi 40 a 2029, in ya gaza a ci shi tarar da za ta iya kai kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashinsa. Jamus ma a 2021 ta wajabta mace aƙalla ɗaya a kwamitin zartarwar manyan kamfanoni in mambobinsa sun haura uku, bayan da ta bar kamfanoni su sa wa kansu buri, da yawa suka rubuta sifiri ba kunya.

Indiya ce darasin da ya fi kusa da mu, don kamfanoninta da yawa na iyali ne. Dokar kamfanoni ta 2013 ta ce a sa mace aƙalla ɗaya a kwamitin daraktoci. Da wa'adin 2015 ya matso, masu kamfanoni da dama suka naɗa matansu da 'ya'yansu da surukansu. Doka ta cika, kwamiti bai canza ba. Sai da hukumar kasuwar hannun jari ta dawo a 2018 ta ce manyan kamfanoni 500 dole macen ta zama darakta mai zaman kanta, wadda ba ta da dangantaka da masu kamfanin. Wata hanyar zillewa ita ce a dinga zagaya mata ƙalilan a kwamitoci masu yawa, kamar yadda aka gani a farkon lamarin Norway. Wata kuma a faɗaɗa kwamiti daga 9 zuwa 11 don kada a taɓa kujerar kowa, a ajiye sababbin a ƙananan kwamitocin da ba a yanke komai, a bar na binciken kuɗi da na naɗe-naɗe a hannun tsofaffin. Mace ɗaya tak a cikin maza goma kuma tana cikin wahala, duk abin da ta faɗa sai a ɗauke shi a matsayin ra'ayin mata, in ta yi shiru a ce 'yar amshin shata ce. Masu nazarin kwamitoci sun daɗe suna cewa sai an kai uku ake daina kallon jinsi a fara sauraron magana.

Kotu ma na iya rusa doka in ba a rubuta ta da kyau ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi tata a 2018, kotu ta soke ta a 2022 bisa cewa ta saɓa wa daidaito a tsarin mulkin jihar. Sashe na 42 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa ko a fifita shi saboda jinsinsa, don haka duk mai tsara irin wannan doka a nan gara ya bi salon Norway na "kowane jinsi".

A Najeriya fa?

An riga an gwada, a bankuna. A 2012, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Bankin Najeriya, kwamitin shugabannin bankuna ya amince da burin ba mata kashi 30 na kujerun daraktoci da kashi 40 na manyan muƙaman gudanarwa. Ki lura an haɗa da gudanarwa tun farko, abin da Turai ba ta yi ba sai daga baya. Ba duka bankuna suka kai ba, amma wanda ke ba da lasisi ne ke neman rahoto, kuma wannan ya isa a motsa. A 2015 aka sanar da mata a matsayin shugabannin kwamitocin First Bank da Access da GTBank: Ibukun Awosika, Mosun Belo-Olusoga da Osaretin Demuren. A 2021 Nneka Onyeali-Ikpe ta zama manajan daraktar Fidelity, Yemisi Edun ta FCMB, Miriam Olusanya ta GTBank; Adaora Umeoji ta karɓi Zenith a 2024. Daga Arewa akwai Halima Buba da ta riƙe SunTrust. Ba za a ce tsarin 2012 kaɗai ya kawo su ba, don dukansu sun shekara da shekaru a harkar, amma tazarar shekara tara tsakanin tsarin da wannan ayari daidai take da lokacin da manaja ke ɗauka kafin ta kai ƙoli. Ƙa'idojin babban bankin na 2023 kuma sun hana kwamitin banki ya zama jinsi ɗaya.

Kamfaninki ba banki ba ne. Kundin kyakkyawan shugabancin kamfanoni na ƙasa na 2018 ya ƙarfafa a kula da jinsi wajen haɗa kwamiti, amma bai sa adadi ba. Dokar majalisa kuwa ba na ganin ta kusa, tunda a Maris ɗin 2022 majalisar dokoki ta ƙasa ta yi watsi da ƙudurori biyar na mata a gyaran tsarin mulki. Maroko ta yi doka a 2021, kashi 30 zuwa 2024 da kashi 40 zuwa 2027, Malesiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun wajabta mace aƙalla ɗaya, wanda ke nuna ba al'amarin Turawa kaɗai ba ne. A nan hanya mafi sauƙi ita ce ta hukumomin sa ido, kamar yadda babban banki ya yi. Ko an yi ɗin ma, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari za ta kama, kuma yawancinsu a Legas suke. Manyan kamfanonin iyali na Kano da Kaduna, inda 'ya'ya mata ke da hannun jari ta gado amma 'yan'uwansu maza ke zama a kwamiti, suna waje da ita. Sakamakon Norway kuma a ɗauke shi da taka-tsantsan, don ƙasa ce da yawancin mata ke aiki, ga wuraren renon yara da gwamnati ke tallafawa; dokar ƙwadago tamu hutun haihuwa na mako 12 ta tanada da rabin albashi.

In kamfaninku zai sa wa kansa kaso, ga yadda ake yi ya kama. A sa adadi da shekara, a rubuta a rahoton shekara-shekara. A kwamiti mai mutum 9, kashi 30 kujera uku ke nan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi kashi ɗaya bisa uku na daraktoci su sauka a kowane babban taron shekara sai in kundin kamfanin ya ce wani abu dabam, amma a al'ada sake zaɓensu ake yi nan take, shi ya sa kujera ba ta buɗuwa. Maganinsa iyakance wa'adi: kundin 2018 ya ce darakta mai zaman kansa kada ya wuce zango uku na shekara uku-uku. A fara da waɗannan kujeru, a rubuta ƙwarewar da ake nema kafin a ambaci sunan kowa, jerin 'yan takara ya ƙunshi mata fiye da ɗaya, kuma a sa mace a ƙaramin kwamitin naɗe-naɗe. Dokar kamfanoni ta 2020 ta kuma hana mutum zama darakta a kamfanonin jama'a fiye da biyar, wanda ke rage zagaya fuskoki ɗaya.

Ke kuma, Hajiya, abin da zai fi taɓa ki shi ne alƙaluman matakai. Ki nemi sashen ma'aikata ya fitar da yawan mata a kowane mataki, da yawan waɗanda aka ƙara wa girma da waɗanda suka ajiye aiki cikin shekara uku da suka wuce. A nan ake ganin inda ake zubewa, kuma yawanci tsakanin manaja da babban manaja ne, shekarun da haihuwa da canjin wurin aiki zuwa wani gari ke haɗuwa. Sai ki duba wane sashe kike. Manajan darakta kusan kullum daga cikin waɗanda suka riƙe sashe mai kawo kuɗi ake ɗauko shi, tallace-tallace, masana'anta, shiyya ko harkar kuɗi, alhali mata an fi tara su a sashen ma'aikata, shari'a da hulɗa da jama'a. In kina ɗaya daga waɗannan, ki nemi a ba ki shiyya ko wani kaya mai nasa lissafin riba da asara, ko da na shekara biyu ne. Don kujerar darakta, cibiyar daraktoci ta Najeriya tana ba da horo, ƙungiyar WIMBIZ ta mata manajoji da 'yan kasuwa ma tana da shirin shirya mata don kwamitoci. Ki iya karanta bayanan kuɗi na kamfani da kanki, ki fara da kwamitin makaranta, asibiti ko ƙaramin bankin al'umma inda za a rubuta sunanki a takardar zama, domin mai neman darakta abin da yake fara tambaya shi ne a wane kwamiti kika taɓa zama.